Indararon Ɗakin Kaka

Ni mai son ruwan sama ne, kuma ba don noma ba, ko fartanya ban iya riƙewa ba. Ina son shi ne don yana rufe wa unguwarmu Gyadi-Gyadi baki. Da hadari ya haɗo sai 'yan acaɓa su ɓace, mai markaɗe ya kashe injinsa, a bar ni da littafina. A daminar da soja suka miƙa mulki ga farar hula shekarata ashirin, na gama sakandare, ba aiki ba makaranta, sai littattafan haya da nake ɗaukowa a wani shago a Tarauni.

Wurin karatuna ɗakin Kaka ne, mahaifiyar Baba. Shi kaɗai ya rage mai rufin ƙasa a gidanmu. Ta hana a sa masa kwano, wai kwano surutu gare shi kamar 'yan siyasa. Idonta ya yi rauni, don haka a fili nake karantawa, ita kuma tana yi wa mutanen littafin faɗa: "Wannan yarinya ba ta da wayo. Juya mu ji."

Rufin ƙasa dokarsa ɗaya ce: kada indararo ya toshe. In ya toshe ruwa zai kwanta a sama, ƙasa ta jiƙe, ta fi ƙarfin azara. Shekarar kuwa fastocin 'yan takara sun cika unguwa, iska na ɓamɓaro su daga bango tana watsawa a kan rufin mutane. Wata Litinin Baba zai tafi ofis, ya tsaya a zaure riƙe da babur ya ce, "Kai, hau ɗakin tsohuwa ka share indararo. Yau, ba gobe ba."

"To, Baba."

Har tsani na jingina. Sai na ce bari in ƙarasa babi ɗaya. Duk mai karatu ya san ƙaryar babi ɗaya. Da yamma Baba ya tambaye ni, na ce na share, ko ido ban ƙifta ba.

Ranar Alhamis ruwa ya tsinke tun hantsi, ya ƙi ɗaukewa. Na miƙe ƙafa a tabarmar Kaka, daɗi kamar ya kashe ni. Can ta katse ni: "Ɗan nan, yau ban ji indararona yana zuba ba."

Na ji ta sarai. Na ce, "Iska ce ke kaɗa ruwan, Kaka." Saura shafi kaɗan a gano maci amana, kuma wallahi a lokacin shi ya fi damuna. Bayan la'asar littafin ya ƙare, na yafa buhu a ka na tafi Tarauni karɓo kashi na biyu.

Na dawo na tarar da maƙwabta a tsakar gidanmu da shebur da fartanya, mata na salati. Rufin ya rufta. An zaro Kaka da rai, amma ƙugunta ya karye.

Washegari Baba ya tono indararon daga cikin ɓaraguzai. Ya zura hannu ya zaro curin fastoci da leda, fuskar wani ɗan takara na nan tana murmushi. Ya ɗora curin a kan littafina, ya wuce.

A asibiti, ina tsaye, Kaka ta ce masa, "Kada ka ga laifin yaron nan. Ya share, ni na ji motsinsa a sama." Baba ya ce, "To, Inna." Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta rasu kafin damina ta fita, masu ta'aziyya suna ta zagin ginin ƙasa, ina zaune ina amsa musu.

Baba bai doke ni ba, bai zage ni ba, da ma ya yi. Ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya muna gida ɗaya, bai sake aike na ko sayen goro ba.