Yaƙin Tafasa

Duk yaƙin da aka taɓa yi a duniya, in ka bi sawunsa da haƙuri, a bakin tukunya za ka tsaya. Na karanta na sarakuna da dama, amma wanda na gani da idona, a kan tafasa aka yi shi.

Jiya bayan la'asar na shiga wani shagon magungunan gargajiya a unguwar Suwaidi, nan Riyad. Mai tsaron shagon, mutumin Maraɗi, ya kwance bakin buhu, warin ya bugo ni.

"Sanamaki ne, Alhaji, na asali."

Na duba. Filasko ne kawai da ya samu takardar iƙama.

Su uku ne 'yan gida ɗaya, filasko da rai ɗore da tafasa, duk furensu rawaya, kuma da ranƙwashi kakata ta koya mini bambanta su. Filasko gajere ne, yana son ƙasa, kwansonsa faffaɗa a lanƙwashe. Ka sha shi, ka wuni a bayan gida. Rai ɗore ganyensa tsini gare shi, ga ɗoyi. Tafasa kuwa ganyenta shida ne, biyu-biyu, masu faɗin kai, suna haɗe hannu da magariba kamar masu roƙo. Ita ce ake ci.

Wata damina, ina yaro a garinmu, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba. Tafasar jujin da ke tsakaninmu da maƙwabcinmu ita ta riƙe gidanmu: kwaɗo da safe, kwaɗo da rana. Ran nan aka aike ni tsinko, na dawo da ƙwarya wayam. An riga ni, babu tofo ko ɗaya.

Baffana ya saɓi fartanya ya fita, na bi shi. Maƙwabcin yana ƙofar gida yana wasa lauje.

Baffa ya ce, "Malam, ka ɗaure akuyarka."

"Akuyata? A turke ta kwana."

"To ta iya kwance igiya. Ta kuma iya zaɓen ganye."

Ban ga wanda ya fara ba. Na dai ji ƙota ta sauka a goshi, kamar an fasa duma. Jini ya rufe wa maƙwabcin ido, ya kai sara a makance, lauje ya kama hannun baffa. Suka kife cikin jujin suna birgima, ana cizo, ana shaƙa, mata na kururuwa. Kafin a ɓamɓare su, yatsun baffa biyu suna ƙasa, kaza tana dubansu. Ɗan abin da ya rage na tafasar kuwa sun kirɓe shi cikin laka da jini.

Kakata ta ɗaure hannun da tsumma. Da yamma ta fito da ɗan garin da ta ɓoye, ta raba biyu, ta rufe rabi da faifai.

"Ungo, kai wa matar maƙwabcinmu. Ka ce na akuya ne."

Sai da na girma na gane. A garinmu ba a ce wa magidanci gidansa na yunwa. Gara a zagi dabbarsa. A ganin baffa, ladabi ya yi. Maƙwabcin kuma ya fahimci ladabin sarai.

Yanzu nakan wuce gidajen walima a nan Riyad, in ga ana juye farantan shinkafa da nama a shara. Jujin can gida an ce an gina shago a kansa. Baffa ya ƙarasa rayuwarsa yana alwala da yatsu takwas, har ya koma ga Allah yana cewa akuya ce.

Akuya ba ta cin ɗanyar tafasa.