Neman fuskar Inna a cikin waya

Ladan bai sauke kiran asalatu ba munka bar Madawa, ni da facalata, da sabuwar waya ƙulle a bakin zanena kamar laya. Ku da kunka san ni kun san ko kasuwa sai an ja ni. To wannan karon ba yadda zan yi. Yayana, ɗan farin Innarmu, yana kwance a Abijan, ranar Alhamis za a yi mishi aiki a ƙafa, kuma abu guda ya roƙa: ya ga fuskar Inna, ya ji muryarta kafin a shiga da shi. Ƙauyenmu na can bayan Ibohaman, ba rezo, wato waya ba ta kamawa, sai an hau tudu, Inna kuwa ba ta hawan tudu yanzu. Shi ya aiko wayar, ni anka ɗora wa tafiyar.

Tun a tasha facalata ta karɓe ta, wai za ta yi mini reglaj, ta daidaita ta. Ta taɓa nan, ta taɓa can, ta ɗauki kanta hoto, ta fito kamar amarya, ta ce ai wayar mai hankali ce. Kuɗin mota ya sake hawa, direba ya ce esans, man mota, kullum dai esans. Munka zauna mu da buhunan albasa, kowa idonshi na ruwa ba wanda ya rasu.

Da gari ya waye duwatsun Adar sunka bayyana, jajaye, da gero an ɗaure damma-damma a gindinsu. Na ce bari in gwada hannu. Wani dattijo mai rawani a bayana ya ce in buɗa yatsu biyu bisa allon wayar dutsen ya matso. Na buɗa, dutsen ya matso, sai dai ya koma kamar tuwon da anka zauna a kai. Inda gudro, wato kwalta, ya ƙare kuwa bidiyon da na ɗauka rufin mota ne da kunnen direba.

A Buza munka ci ƙosai da kunu, bateri ya riga ya yi ja. Mai cajin waya a bakin kasuwa ya duba hotunan ya yi tsaki, ya ce duk hazon nan man ƙosai ne da na hannu, ya goge idon kamarar da bakin rigarshi. Wannan kam ya yi gaskiya, Allah ya saka mishi. Amma sai ya ƙara da nashi: ya kai bidiyo lamba mafi girma, wai ko ƙuda ya wuce sai an ga gashin ƙafarshi. Ban san ƙuda zai ci mini wuri ba.

Daga Keita kabu-kabu munka hau, cikin korama da tsakuwa, ana wuce gonakin nan masu jerin duwatsu da itatuwan da anka dasa tun muna ƴan mata, yanzu sun yi inuwa. Azahar ta gota munka iso.

Inna na zaune bakin ɗakinta, rana a bayanta. Bayan gaisuwa da hura na ɗaga waya. Abin da ya fito buhun gawayi ne da kallabi. Facalata ta ce a kunna filas, anka kunna, idon Inna ya koma na mage. Sai da na lallaɓa ta, da tabarmarta da carbinta, munka koma gindin rumbu inda haske ke zuwa ta gabanta, sannan mutum ya fito, na ɗauki hoton.

Sai kuma maganar bidiyo. Kun san kunyar ɗan fari. Inna ba ta taɓa kama sunan Yaya ba, ba ta taɓa yi mishi magana ido da ido a gaban mutane ba. Na ce Inna ki dubi nan, ta dubi akuya. Duk gaisuwar akuyar anka yi wa: a gaya wa wancan na bakin teku gero ya yi, a gaya mishi rijiyar masallaci ta rufta. Tana daf da kaiwa ga addu'a waya ta tsaya, wai memwar, ma'ajiyar wayar, ta cika. Na zauna ina share kunnen direba da rufin mota, raina a ɓace.

Na hau tudu ina haki. Hoto ya tafi. Bidiyon kuwa ya tsaya yana juyi kamar jakin da ya ga korama, nauyi ya yi mishi yawa. Ban sauko ba vokal ɗin Yaya, saƙon murya, ya shigo, murya ƙasa-ƙasa.

“Ke, wagga wace yarinya ta kinka turo min? Ina zanen Inna? Ko wani abu ya same ta kuke ɓoye min?”

Na buɗa hoton na duba da kyau. Wallahi da gaskiyarshi. Fuska sumul kamar ƙwaryar da anka kankare, ta yi haske, ba tamoji, zanen kumatunta da kowa ya san gidanmu da shi duk an shafe. Mutumin da za a shiga da shi ɗakin aiki, ga shi na ƙara mishi zargi.

Na sauko ina faɗa da facalata, tana rantsuwa ita ba ta taɓa komai ba sai abin gyaran fuska. Matar maƙwabcin Inna, wadda mijinta ke can ci-rani, kullum tana tura mishi hoton yara, ta leƙo ta katanga ta ce a ba ta ta gani. Ta nuna mini wata ƴar fuska a gefen allo, bote sunanta, facalata ta ja ta har ƙarshe. Ta maida ita ƙasa gaba ɗaya. Ta sauke bidiyo zuwa lambar tsakiya, ta ce tudunmu ba ya ɗaukar babbar. Ta ce in kwantar da wayar, in manna gwiwar hannu a jiki, in taɓa fuskar Inna a allo kafin in fara, in kuma ina son kusa in matsa da ƙafata, kada in buɗa yatsu.

Inna ta ce ita ta gama, ba ƴar wasan kwaikwayo ba ce. Na rasa ta yi, sai na miƙa mata hoton farko. Ta kai shi kusa da ido, ta daɗe.

“Wagga ɗiya ba ta da dangi,” ta ce. “Shi kunka tura mishi?”

Na ce shi.

Ta gyara kallabi, ta tura shi baya har kumatu sunka fito sosai, ta kori akuyar da kanta. Ta dubi idon kamarar nan kai tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi wa Yaya ba ko yana gabanta.

“Kai wancan, ga ni nan, lafiyata lau. Allah ya tashi kafaɗunka. Ka shiga da bismilla, ina nan bisa tabarma har ka fito.”

Gwiwar hannuna na manne a jiki har ta gama.

Na sake hawa tudu kafin magariba. Wannan karon ya tafi. Amsar ba ta da tsawo, numfashi ne mai yawa, sannan ya ce, “Ita ta.”

Washegari munka kamo hanya, jikina kamar an daka. Ranar Alhamis ina tsakar gidana a Madawa matar Yaya ta kira, an fito da shi lafiya, ta ce har bakin ƙofar ɗakin aiki wayar na hannunshi sai da likita ya karɓe.

Abin da na koyo, ku masu ƴan uwa a nesa: ku goge idon waya, ku sa haske a gaban mutum, ku bar babbar lamba ga masu rezon birni. Bote ɗin nan kuwa, in budurwa na so ta ja abinta. Amma in tsohuwa za ku ɗauka, ku kashe ta, ku bar wa ɗanta uwarshi yadda ya baro ta.