Idon da Na Ɗinka a Hular Baba

Sau biyu Baba yana yanke jiki ya faɗi a gonar audugarmu ta Gozaki, haka kawai, ya farfaɗo yana tambayar wa ya zubar masa da buhu. A karo na uku muka ɗauke shi sai asibiti a Malumfashi, yana ta faɗa tun daga cikin mota.

Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta ce tana zargin bugun zuciyarsa ne ke rikicewa, amma sai ta kama shi yana yi kafin ta san maganin da za ta bayar. Aka manna masa wani ɗan faifai a ƙirji, da siririyar waya zuwa wani abu kamar maɓallin riga a kafaɗarsa. Maɓallin nan, in ji ta, da haske yake aika bugun zuciya zuwa wata fitila da ke silin, hasken da ido ba ya gani. Masu bincike ne suka kawo gwaji. Sharaɗin kawai kada komai ya tare tsakanin maɓallin da fitilar, kwana biyu cur.

Kwana huɗu muka yi, kullum bayan la'asar saƙon sai ya ɗauke. An canza maɓalli, an hau tsani an goge fitila, a banza. Likita ta fara maganar tura mu Zariya. Tsoro ya kama ni, don na san Baba, gida zai tattara ya koma, ya sake faɗuwa inda ba kowa.

Kullum a wannan lokacin ina waje wajen girki. Ranar Laraba na dawo da wuri, daidai shigowar 'yan dubiya daga garinmu. Ashe Baba ba zai karɓi gaisuwa da 'yar shara ba. Yana jin sallama ya zaro babbar riga daga ƙarƙashin filo, ya zura, ya tattare hannayenta ya aza a kafaɗa. Ninki a kan ninki na shadda, duk a kan maɓallin!

Baƙi na fita na ce, "Baba, ashe kai ne kake kashe mana na'ura!"

Ya ce, "Uwata, so kike in gana da mutane kamar wanda aka koro daga wanka?"

Ban ja da shi ba, na san ba zan ci ba. Ni tela ce, sai na dubi abin da ba ya rabuwa da shi. Na roƙi likita waya mai tsawo, na zauna da allura na ɗinke maɓallin a tsakiyar hularsa, na bi da wayar ta bayan kunne. In zai kwanta a mayar masa kafaɗa. Ya duba madubi ya ce ai ba laifi.

Washegari ya sha rigarsa, yana tsakiyar ba baƙi labarin kaka, likita ta leƙo ta yafito ni. Ta nuna min layin bugun a allonta, ya hargitse ya dawo.

"Ga shi nan, mun kama shi," in ji ta.

Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a cikin ɗakin marasa lafiya ba. Ranar aka fara ba shi magani. Audugar ƙarshe ta wannan shekarar, da ƙafafunsa ya tsaya a kanta har aka gama tsinka.