Zanar da Muka Ɗauko Mu Biyu

A shekararmu ta uku a kwaleji ɗalibai sun fi ɗakunan karatu yawa, sai darakta ya ce kowa ya zo da zana ko damin kara a kafa mana rumfa. Haka ake yi kowace kaka bayan an gama girbin hatsi. Mu biyu ne kawai ƴan mata daga ƙauyenmu, ni da ƙawata. Tafiyar ta kusa awa guda, ta cikin gonaki, a gangara korama, a hau fako mai jajayen duwatsu. Ita ce mai surutu, ni kuwa nawa saurare ne da kallon tuddai.

Gidanmu babu zana, domin babana yana ci-rani, ba wanda ya yanko mana gamba. Mahaifiyar ƙawata ta ce mu sauko da wata tsohuwar zana da ke naɗe a kan rumfar kakanta, mu ɗauka tare, mu ce ta mu biyu ce. Tsohon ya kwana a Bangi wajen cin kasuwa, ba wanda ya tambaye shi. Muka ɗora ta a ka yadda muka same ta, ɗaure da igiyar kaba, ita a gaba ni a baya. Ta yi nauyi ƙwarai. Ƙawata tana ta cewa ƙurar shekara goma ce muke kai wa gwamnati kyauta, ni kuma ina dariya, buntun ciyawa na zubo mini a wuya.

Ranar akwai baƙi daga Madawa da suka zo duba makarantu, da jandarmomi biyu masu rakiyarsu. Muka ajiye zanar a tsakiyar fili. Malamin lissafi ya yanke igiyar, ya tura da ƙafa, ta yi ta warwarewa har ta kai kan abin da ke cikinta. Doguwar bindigar toka ce, ta yi tsatsa, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakinta. Wasu suka fara dariya, suka ga fuskar jandarmomin suka daina. Lokaci ne da labarin ƴan bindiga na bakin iyaka yake bakin kowa.

Darakta ya tambayi zanar wa ce.

“Tawa ce, Mushe,” in ji ƙawata, domin haka muke kiran malamai maza da Faransanci. “Ni ɗaya na kawo ta.”

Gammona yana hannuna, da ciyawar zanar a jikinsa. Na ɓoye shi a bayana. Ba ta dube ni ba har aka sa ta a mota.

Kwana tara ta yi a Madawa. An ajiye ta a gidan wata gwaggonta, ana kai ta gaban alƙalin yara, ana tuhumarta da shigar da makami cikin makaranta. Ni dai abu ɗaya na damu da shi, ko za ta dawo ta zauna kusa da ni. Nakan ajiye jakata a wurinta a kan benci don kada wata ta zauna, ina kwafar kowane darasi sau biyu, nawa da nata. Hanyar da na ɗauka na sani ta zame mini baƙuwa. Ashe koramar tana da faɗi haka, ashe fakon ba ya da inuwa ko ɗaya. Wata safiya na ji ina ba wa wata bishiyar aduwa labarin jarrabawar Faransanci.

Kakanta ya bi ta Madawa da sandarsa. Waɗanda suka raka shi sun ce ya gaya wa alƙali bindigar ta mahaifinsa ce, da ita suke korar birai daga gona. Da aka yi shelar kowa ya miƙa makami ya kasa rabuwa da ita, ya naɗe ta a zana, shekaru suka wuce har ya manta. Sun ce ya ƙara da cewa a sakar masa amaryarsa, domin haka yake kiran jikar tasa, in ɗauri ne ga tsohon ango nan. Alƙali ya yi murmushi. Aka karɓe bindigar, aka ja wa tsohon kunne, aka wanke ƙawata, aka ba ta takardar komawa aji.

Ta dawo ranar wata Litinin. An gama rumfar, zanar kakanta ce bangon da ke gefen bencinmu. Samarin aji suka miƙe suka sara mata, suna kiranta kwamanda. Ta yi dariya a ranar farko. Amma an umarci mai gadi ya riƙa buɗe jakarta kowace safiya a bakin ƙofa, ita kaɗai, sauranmu muna wucewa. Yakan zazzage littattafanta a kan tabarma, har da ɗan ƙullin gyaɗar da take kawo mana. Nakan tsaya a gefe ina jira. Na yi ta shirya yadda zan ce masa ya buɗe tawa ma, kwana huɗu ina shiri ban faɗa ba.

A rana ta biyar ban same ta a bakin hanya ba. Na shiga gidansu, na tarar tana sheƙar hatsi, jakarta a rataye a jikin rumbu. Na miƙa mata darussan da na kwafa mata. Ta karɓa, ta duba, ta ce rubutuna yana nan kamar sawun kaji, ta ajiye su a kan turmi. Na ce mata da ni aka ɗauko zanar, kuma zan faɗa wa darakta yau.

“To sai mi, ƙawa? A riƙa zazzage mu biyu?” Ta ɗaga ƙwaryarta sama, iska ta kwashe ƙaiƙayin. “Ki tahi, kina makara.”

Na tsaya kaɗan ko za ta ƙara wani abu. Ta ci gaba da sheƙa. Na fita, na kama hanyar korama, rana ta riga ta hau kan tuddai. Ni kaɗai na yi wannan tafiyar sauran shekarar, da wadda ta biyo bayanta, har na gama kwaleji.