Tudun da Muka Yi da Tamfol

Silifas ɗina ne ya fara motsi. Ina kwance bayan azahar, ƙafata ta hagu a miƙe cikin karan ɗori, ruwan sama yana dukan kwano tun hantsi, sai na ga takalmin ya juya a hankali ya nufi ƙarƙashin gado shi kaɗai. Na ɗauka ɓera ne. Da na leƙa sai na ga ledar ɗakin ta kumbura tana lilo, wani baƙin ruwa yana shigowa ta ƙasan ƙofa, ko ƙara babu. Har yau idan aka buɗe famfo a bayana sai na zabura.

Ni da Gwaggo muke zaune a ɗakin. Ƙanwar mahaifina ce, tana sayar da tuwo a bakin titin jirgi a Agege. Ranar tun safe ta fita, ta bar mini abinci da waya kusa da filo, don okada ya kayar da ni, ba na iya takawa. Lungunmu a kwari yake, ko akuya ta sani. Ɗakinmu kuma ya fi lungun zurfi, saboda kowace damina sai an zuba ɓaraguzai a hanya, hanya tana tashi ɗakuna suna nutsewa, har ta kai sai ka sauko kafin ka shiga. Ƙofar ta ƙarfe ce, waje take buɗewa. Taga kuwa an gicciya mata rodi saboda ɓarayi.

Amma a hukumance, a kan tudu muke zaune. Bari in faɗi yadda aka yi muka samu tudun.

A ranin da ya wuce wasu masu awo suka zo unguwa. Cikinsu akwai wata budurwa mai rawayar hular kwano da ta iya Hausa, ita ta yi mana bayani a ƙofar masallaci. Ta ce za su tayar da ɗan jirgin nan mara matuƙi ya ɗauki hoton unguwa daga sama. Daga hoton, kwamfuta za ta ba kowane taku na ƙasa lambar tsayinsa, sannan ta zuba ruwan ƙarya a kai ta ga inda zai kwanta. Da haka za a san inda za a fara kai ɗauki idan ambaliya ta zo. Kowa ya gyaɗa kai, aka yi mata godiya, aka ba ta ruwan leda.

Suna juya baya shugaban lungunmu, wanda muke kira Ciyaman, ya gyara babbar riga ya ce, "Jama'a, kun dai ji. A garin nan yaushe aka taɓa ɗaukar hoton talaka don alheri? Yau hoto, gobe jan fenti, jibi katafila."

Ba wanda ya musa, don rabin shagunan lungun da bayukan wanka a kan kwata aka gina su. Ciyaman ya ce ai ko baƙo za ka yi sai ka tura tarkace bayan ƙofa, balle baƙon da zai leƙo ta sama. Mai ba da hayar kanofin biki, wanda shi ma rumbun kayansa a kan kwatar yake, ya ba da duk abin da ya mallaka. Aka aro tamfol daga direbobin manyan motoci a Iddo. Kafin ranar awo an lulluɓe lungun daga baki har ƙarshe, an ɗaure igiyoyi a bakin kwanuka, an ja sun yi tsaf daidai da rufin gidaje.

Da jirgin ya zo yana zuuu, duk muna ƙasa a cikin duhu da zufa. Iyaye suna toshe bakin yara. Gwaggo har murya ta rage ta ce mini, "Yi shiru, yana wucewa." Daga baya masu awon sun dawo da wata doguwar sanda don su taka ƙasa su gwada ko hoton ya yi daidai. Ciyaman ya tare su a bakin lungu da tsire da lemo mai sanyi, ya ce kada su ɓata takalmansu, ciki lafiya lau. Suka ci, suka yaba yajin, suka tafi.

Sai ga taswira an manna a bangon masallaci, da lambar waya a ƙasa ta neman ɗauki. Shuɗi shi ne kwari, launin ruwan ƙasa shi ne tudu. Duk kewayenmu shuɗi ne, lungunmu kaɗai ya fito dogo, ruwan ƙasa, kamar burodin Agege a kan shuɗin faranti.

Na ce, "Ciyaman, ai tamfol ɗin suka auna."

Ya dube ni ta saman tabarau. "'Yata, sakandare kika gama, ba injiniya kika zama ba. Idan an ce kana tudu, ka gode wa Allah ka ja bakinka. Kin taɓa jin an rushe tudu?"

Shi ke nan muka zama mutanen tudu. Masu keke suka fara cewa "Tudu, mutum ɗaya!" Aka kwashe buhunan yashin da ake tarewa da su a bakin ƙofofi, wai suna zubar wa tudu da mutunci. Wani mai neman aure daga lungunmu har da hoton taswirar ya nuna wa surukai. Gwaggo kaɗai ce take cewa ita dai ba ta taɓa ganin tudun da ake gangarawa a shige shi ba.

To ranar, da na ga ruwan, na sauko da ƙafa mai lafiyar, na ja jiki da kujerar roba zuwa ƙofa. Na tura, ko motsi. Na sa kafaɗa, kamar bango nake turawa. Ta taga na hango lungu ya zama kogi, ledoji da robobi da wata matacciyar kaza suna wucewa da gudu. Na yi ihu, ƙarar kwano ta haɗiye muryar. Maƙwabta duk suna wajen nema.

Na kira Gwaggo. Ta ce ruwa ya tare su a wajen titin jirgi, ba motar danfo ba keke, sai kuka take tana kiran sunana. Na kira Ciyaman. Ya ce, "Ruwa a tudu ai baƙo ne, wucewa zai yi. Ki kira lambar nan ta bango. Amma 'yata, don Allah kada ki yi maganar tamfol."

Na kira. Wani namiji ne ya ɗauka, mai ladabi ƙwarai, da Turanci muka yi. Ya ce in tura masa inda nake ta waya. Na tura. Ina jin yana danne-danne.

"Madam, ina taya ki murna. Kina wurin da ya fi ko'ina aminci a yankinku."

"Oga, ruwa ya kai gwiwata."

"Ki duba ko famfo ne ya fashe. Ko akwai bokitin da aka bari a buɗe?"

"Daga waje yake shigowa! Ƙofa ta ƙi buɗewa, ƙafata a karye take!"

"Sannu, madam. Amma ga shi a gabana, ruwa ba zai iya hawa wajenku ba. Duk motocinmu suna wuraren shuɗi. Mun ma tura wa maƙwabtanku saƙo su taho wajenku su fake. Idan da hali ki taimaka ki karɓi baƙi."

Nan na manta da Ciyaman da amanarsa. Na zayyana masa komai, kanofi da tamfol da tsire. Ya ce ya gode da wannan muhimmin bayani, za a miƙa shi ga sashen da ke sabunta taswira, kuma sukan zauna bayan damina. Ya tambaya ko akwai wani abin da zai taimaka mini da shi.

Ban san lokacin da wayar ta suɓuce ta faɗa ruwa ba.

Daga nan abin ya daina yi mini kama da wasa. Katifa ta ɗaga ta fara yawo. Ruwan sanyi ne ƙarara, yana warin kwata da kananzir, wasu abubuwa suna gogar jikina ban san ko mene ne ba. Wuta a ɗauke take, kuma tun da nake ban taɓa roƙon Allah kada a kawo wuta ba sai ranar. Na hau tebur da ciki. Daga tebur na kama saman wadirof na ja jikina. Karan ɗorin ya bugi katako, na ji ƙashin ya yi magana har cikin kwanyata, na ga duhu-duhu. Da na dawo hayyacina ina kwance a sama tsakanin tukwanen Gwaggo na girkin taron suna, silin yana taɓa bayana.

Daga can nake kallon ruwan yana cin ɗakin. Ya ci tebur. Ya ci kalandar bango, wata bayan wata. Ya rufe taga, ɗakin ya yi duhu da rana tsaka. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko, na rikice, na kama kalmar shahada ina maimaitawa. Na tuna mahaifiyata a gida, wadda aka gaya wa cewa 'yarta ta dace, a kan tudu take a Legas. Wadirof ɗin ya fara rawa a ƙarƙashina. Na ɗauki ludayi na shiga bugun tukunya, ba don ina zaton wani zai ji ba, sai don kada in ji ƙarar ruwan.

Can sai na ji takun ƙafa a kan kwano.

"'Yar mai tuwo! Kina da rai?"

Na gane muryar. Maman 'yan biyu ce, Kirista 'yar kudancin Kaduna da ke aiki a gidan burodi, kullum a wajen Gwaggo take sayen tuwon dare. A lungun baya take, cikin shuɗi. Ashe saƙon nan ya same su, suka ɗauro kaya suka taho tudu, ita da 'ya'yanta da samarin mahauta da katifu a ka. Da suka iso suka tarar tudun ya fi inda suka baro ruwa, sai suka bi ta katangar masallaci suka hau rufin gidaje. A can ta ji tukunya tana kuka, ta tuna akwai mai karaya a ƙasa.

"Ina nan, Mama! Ina nan!"

"To bar lotsa tukunyar mutane. Rufe kanki, za mu fasa."

Da gatarin saran ƙashi suka ɓanɓare kwanon, suka huda silin. Haske da ruwan sama suka zubo mini a fuska tare. Wani daga cikin mahautan ya zuro rabin jikinsa, wasu suna riƙe da ƙafafunsa, ya zagaya mini wani yankin tamfol ta ƙarƙashin hammata.

"Bismillah, ku ja! Kai, ƙanwata, ashe tuwon Gwaggo ke kike cinyewa."

"Ka yi a hankali da ƙafar," in ji Mama, "ba cinyar saniya ba ce."

Na yi ƙara har muryata ta dushe, amma na fito. Suka kwantar da ni a kan katifar wani. Haƙorana suna ta haɗuwa don sanyi.

Da na ɗaga kai sai na ga rufin lungunmu cike da mutane daga baki har ƙarshe, da ƙullin kaya da tukwane da awaki, duk baƙin da aka turo mana. A rufin da ke kallonmu ga Ciyaman a tsugune da lema, babbar rigarsa ta manne a jiki, hula babu.

Mama ta ɗaga murya. "Ciyaman! Ga mu mun zo tudunka. Ina masauki?"

Ya share ruwa daga tabarau ya ce, "To ba ga shi kuna kai ba?"

Har da masu kuka sai da suka yi dariya. Ni ma na so in yi, sai amai ya zo. Ladan ya fara kiran la'asar daga saman masallaci, ba lasifika, ruwan saman kuma ya koma yayyafi. Ɗaya daga cikin mahautan ya leƙa ƙasa ya ce shatin ruwan a bango ya fara sauka. Wani ya kira Gwaggo a wayarsa ya kara mini a kunne, numfashina kawai ta ji ta shiga hamdala.

Kusa da ƙafata, a bakin kwanon, na ga guntun igiya a ɗaure, rana ta cinye launinta. Igiyar tamfol ɗin nan ce tun ta ranar awo. Wato daidai nan na'ura ta auna, nan ne inda taswira ta ce ina zaune. Na kafa mata ido na kasa ɗaukewa.

Mama ta kwance zanen da ta yafa ta lulluɓe ni, ta kama fuskata da hannayenta masu ƙanshin burodi ta juyo da ni.

"Dube ni nan, bar kallon ƙasa. Kin tsira, 'yata. Kin ji? Kin tsira."