Baba Gamaliyel, Mai Ɗaura wa Ƙugiya Gashin Zabo

Kowace safiya, in ban da Lahadi, da rana ta ɗago za ka ga Baba Gamaliyel ya fito ta yamma da gari, sandar gora a kafaɗa, tsohon gwangwanin madara a aljihu. Ba ya sauri. Sai ya tsaya ya gaida mata a bakin rijiya, ya tambayi jikin wanda ya kwana ba lafiya, sannan ya gangara tabkin Ƙirya da ke tsakanin ƙauyenmu da hanyar Kona. In ya isa ma ba jefa ƙugiya yake yi ba. Tsugunawa yake yi a bakin ruwa kamar mai jiran a yi masa iso, yana duba abin da ke tashi da abin da ke faɗawa ciki. Sai ya gamsu yake buɗe gwangwanin.

Babu tana a ciki, babu guntun tuwo. Ƙugiyoyi ne da ya ɗaura wa gashi da zare, kowace da ƙwaron da take kwaikwayo. Mai gashin zabo da jan zare, shinge ke nan, garar nan mai fiffike, ta farkon damina ce, karfasa ake jefa wa a gefen bado. Mai koren zare da ƙafafun ganyen kaba fara ce, sai an yanke gero take aiki. Akwai wata baƙa mai gashin akuya, kamar talibambam, wadda yake ja a hankali ta wurin da shanu ke shan ruwa, inda tarwaɗa ke kwanciya cikin laka.

Ni manomi ne, ban san kan ruwa ba. Duk wannan daga bakin Kawu Jibo na ji shi, yayan mahaifiyata. In kana son sanin alherin mutum, to, kar ka tambayi abokinsa, mai ƙyashinsa za ka tambaya, don shi ne ba ya ƙifta ido. Shekara talatin Kawu yana zama a ɗaya gaɓar tabkin da ƙwaryar tanarsa, ido ɗaya a kan igiyarsa, ɗayan a kan maƙwabcinsa.

"Gamali!" haka yake ƙwala masa kira daga ƙetare. "Yau kuma wace tsuntsuwa anka fige?"

"Zagayo ka gani mana, Jibo. Ba nisa."

"Allah shi kiyaye. Ni tana na gada wurin ubana."

"To, Allah ba da sa'a."

Addu'ar nan ta fi komai ci wa Kawu rai. Da zagi ne da ya san abin ramawa. Kafin hantsi ya dubi ludayi Baba Gamaliyel ya kama karfasa bakwai ko takwas, ya mayar da ƙananan da masu ƙwai cikin ruwa, ya naɗe igiyarsa ya tafi gona. Kawu kuwa sai azahar ta same shi da ƴan kifi biyu kamar tafin jinjiri. Ya koma gida ya tarar da miya tana ƙamshin kifi, ya ci ya yi nak, sannan matarsa Habsatu ta ce, "Magdalena ce ta aiko." Magdalena ita ce matar Baba Gamaliyel. Kawu ya ce bai taɓa cin miya mai daɗi da ta tsaya masa a wuya irin wannan ba.

Da abin ya ishe shi, sai ya yanke a ransa cewa asiri ne, kuma asirin yana jikin wata zabuwa mai farin wuya da ke kiwo a bayan dangar su Magdalena. Ya bari sai da mai gidan ya tafi majami'a taron dattawa, ya ja ɗan akuyarsa ya yi sallama.

"Uwar Elisha, musaya na zo mu yi. Ki ba ni zabuwar can, ga ɗan akuya."

Magdalena ta dube shi, ta dubi akuyar. "Malam Jibo, lafiya kuwa? Ta tsufa fa, ko ƙwai ta bari."

"Ita nike so."

"To ni mi zan ce? Kama abarka."

Ya fige wa zabuwar fiffike, ya ɗaura wa ƙugiya gashi da jan zare, daidai yadda ya daɗe yana hangowa. Kuma don Allah ɗaurin ya yi kyau, hannun Kawu ba na banza ba ne. Sai dai tsakiyar ɗari ne, wata biyar rabon da a ga shinge ko ɗaya. Kwana tara yana jefawa, ko taɓawa kifi bai yi ba. A rana ta goma Baba Gamaliyel ya zagayo da kansa, ya ɗauki ƙugiyar ya jujjuya ta a tafin hannu.

"Wa ya ɗaura wannan? Ta fi tawa tsafta."

Kawu ya kau da kai.

"Amma Jibo, in an kawo maka ɗanyar masara a watan ɗari, ba ka tambayar inda ta fito? Kifi ma ya san lokaci. Abin da ke faɗa mai yau shi za ka ba shi."

Da yamma aka mayar wa Kawu da ɗan akuyarsa, aka ce zabuwar kyauta ce. Wani da ya yi godiya. Kawu sai ya ƙara ƙulewa, don a ganinsa an fi shi kifi, yanzu kuma an fi shi hali.

Babban aikin dai a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba aka yi shi. Tabkin Ƙirya yana da gurbi mai zurfi a tsakiya wanda kan riƙe ruwa har damina ta zagayo. A shekarar nan gurbin ma ya koma kamar faifai. Gari ya fita su, maza da mata, da koma da kwanduna, aka kwashe duk abin da ke motsi. Ba a ga laifin kowa ba, yunwa ce. Baba Gamaliyel shi kaɗai ya bi bayan mutane yana tsintar ƴan mitsi-mitsin da aka watsar a laka, yana sakawa a bido, manyan jarkokin nan na ruwa, har guda shida. Ya kai su gida a amalanken jaki, ya zuba a wani kwamin siminti da ya gina a gindin rijiyarsa, ya yi masa rumfar zana. Wata biyar yana jan guga yana sauya musu ruwa, tsohon ruwan ya ba dabbobi, yana ciyar da su dusa da gara. Kawu yana leƙe ta danga yana cewa, "Duniya ta zo ƙarshe, an fara kiwon kifi kamar tumaki."

Da ruwan farko ya cika gurbin, wata safiya Baba Gamaliyel ya kora jakinsa ya juye bidon nan shida a tabki, ya cire hula ya yi addu'a, ya koma gida. Babu wanda ya gani sai Kawu, da ke laɓe bayan itacen ƙiryar da ke bakin tabkin. Zuwa kaka tabki ya cika da kifi, mutane suna ta mamaki, aka ce ai daga sama suka zo tare da ruwa, kamar yadda tsofaffi ke faɗa. Mai aikin bai ce uffan ba. Kawu ma bai ce ba, amma shirun nasa daban ne. Ya gwammace a yaba wa hadari da a yaba wa Gamali.

Kai ne, Baba, ka ciyar da gari ka bar girgije ya karɓi godiya. Kai ne ba ka taɓa ɓoye gwangwaninka ba, mu ne girman kai ya hana mu leƙawa. Tun daga shekarar nan ba a yi rani ba tare da ka ajiye iri a kwaminka ba, ko tabki ya ƙafe ko bai ƙafe ba.

Bana yanar ido ta rufe wa Baba Gamaliyel ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Zare ba ya shigar masa, ƙugiya ta soke shi sau biyu. Ɗansa Elisha, mai gyaran moto, wato babur, a Tasawa, ya ce zai ɗauke su shi da Magdalena a kai shi likita, daga nan su zauna wurinsa. Ga damina ba ta yi ƙarfi ba, gurbi ya fara ja baya, ga iri a kwami. Ya yi wa samari uku magana, kowa ya ce cirani za shi. In babu mai jan gugan nan har ruwa ya sauka, baɗi babu kifi a tabkin Ƙirya.

Ran Alhamis bayan la'asar ya dogara sanda ya yi sallama a ƙofar Kawu. Ina wurin, muna gyaran galma. Ya zauna a tabarma ya ajiye gwangwanin a tsakaninsu.

"Jibo, na zo roƙo. Ka riƙe mini kwami."

"Ni? Duk ƴan majami'arku sun ƙare?"

"Suna nan. Amma wa ya san sa'ar da nike sauya ruwa? Wa ya san yawan dusar?"

"Ina zan sani?"

"Haba Jibo. Ramin da ka huda a dangata, kana tsammani ban gan shi ba? Sau uku Magdalena za ta toshe, ina hana ta."

Habsatu ta fashe da dariya daga madafa. Kawu ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke.

"Na gan ka ran da ka juye bidon nan," ya ce a hankali. "Anka ce daga sama ne, ni kau na yi shiru. Shekara goma sha ɗaya."

"Na sani. Tarinka na ji bayan itace."

"Kuma ba ka ji haushi ba?"

"Na ji kaɗan. Sai na ce, ai ko banza mutum ɗaya ya sani."

Kawu ya jawo gwangwanin ya buɗe, ya ɗauki ƙugiyar fara mai koren zare ya ɗaga ta saitin rana. Idonsa ya kawo ruwa, amma bakin bai sauya ba.

"Ka gani ko?" ya ce da ni. "Har roƙon ma ya fi ni iyawa."

An tafi da Baba Gamaliyel Tasawa makon jiya. Kawu na jan guga safe da yamma yana mita, ko kifi ɗaya bai mutu ba.

Mun gode, Baba Gamaliyel. Allah ya buɗe maka ido, ya saka maka da abin da ba mu iya biya ba. Ku kuma da ke zaune kusa da wani mai sana'a kuna hararar sa'arsa, ku tashi ku zagaya ku tambaye shi tun yana gani, ku mayar da ƙananan ruwa, ku ajiye wa baɗi iri.

Da na gaya wa Kawu zan rubuta wannan, ya ce in sa komai, har zabuwar, kar in rage. Na kai ƙofa ya sake kira na.

"Amma ka ji, ɗan nan. Kar ka ce ni na yabe shi."