Kuɗin Makkan Goggo

Shekarun baya can, lokacin da mai gadin banki a Garwa yake miƙewa tsaye in ya hango motata, asusu ɗaya tal gare ni, kuma komai cikinsa nake zubawa: kuɗin shago, kuɗin cefane, har da kuɗin mutane. Wannan na ƙarshen gadonsa na yi. Kakanmu fatauci ne ya kawo shi daga Kano, kuma tun zamaninsa tsofaffin gidanmu ba sa ajiye kuɗi a ɗaka, wurin mai shago suke kaiwa. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida, neman takarda ma zagi ne. Mahaifina a akwatin ƙarfe yake ajiye musu. Da shagon ya dawo hannuna sai na ga ai ni ɗan boko ne, akwatin ƙarfe sai mutanen da. Na kwashe na kai banki, ina jin kaina mai wayo.

Cikin masu ajiya a wurina akwai goggona, ƙanwar mahaifina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Man gyada take matsa, ta soya ƙuli-ƙuli. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci za ta zo shago, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye mini abin da ta samu a satin, yana ta ƙamshin gyada, ta ce na Makka ne. Da yake sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta taɓa faɗin sunana ba, Baba take ce mini. Ni kuma in tsokane ta, in ce haƙoran da suka rage mata ba su kai a ɓata zinariya a kansu ba. Sai ta ce in jira ta dawo in gani. A shekarar da nake ba ku labari kuɗin sun kusa cika, har mun fara maganar fasfo.

A shekarar ce na ci bashin banki na sayi wake, tirela-tirela, da niyyar tsallakar da shi Najeriya ta wajen Mayo-Oulo. Sai aka rufe iyaka. Na ce sati biyu ne a buɗe, ban sayar ba. Naira ta faɗi, na ce za ta tashi. Wake yana sito yana jirana, ƙwari kuma ba su jira kowa ba. Ranar da na sa aka farke buhu ɗaya, gari ne ya zubo. Daga nan masu bina suka fara sallama a ƙofar gida, tun suna zama a sha shayi har suka daina zama. Ƙarshe magana ta je kotu, aka ce na karye, aka naɗa wani mutum ya tattara abin da na mallaka ya raba wa masu bina.

Duk wannan na sa rai da shi. Abin da bai taɓa zo mini a rai ba shi ne kuɗin Goggo, don ni a kaina ba nawa ba ne, ban ga abin da ya haɗa su da wake ba. Washegarin hukuncin na je banki da safe in cire mata abinta in kai mata. Mai gadi bai miƙe ba. Ma'aikacin da ya saba kawo mini ruwan sanyi ya duba na'urarsa ya ce an toshe asusun, ya kuma nemi in miƙo littafin cek da katina. Na yi masa bayani a tsanake, cewa akwai amana a ciki, ta wata tsohuwa ce, kuɗin aikin hajjinta ne.

"Alhaji, sunan wa ke kan asusun?"

"Nawa."

"To a wurinmu naka ne duka."

Ba da rashin mutunci ya faɗa ba. Har ya nuna mini ƙofa ɗaya da ta rage: tsohuwar ta je wurin wanda kotu ta naɗa, ta sa sunanta cikin masu bina bashi, ta kawo shaida. In an sayar da motata da siton, wataƙila ta sami wani abu, ko da kaɗan ne.

Na tarar da ita a tsakar gida tana juya tunkuza. Na zauna a kan turmi na gaya mata komai, ban rage ba. Hannunta bai tsaya ba har na gama. Ta tambaye ni ko yara sun ci abinci. Na ce sun ci. Sai na kawo maganar sa suna, na ce ni da kaina zan kai ta, ni zan zama shaidarta, ba abin kunya ba ne, haka doka take. Nan ne ta ajiye muciya.

"Wato in je gaban hukuma in ce ina bin Baba bashi?"

"Ba ƙara ba ce, Goggo, suna kawai za a rubuta."

"Su waɗanda aka rubuta, ba su ne suka kai ka kotu ba? Ni ba na shiga layinsu."

Na tura mata wani abokina, na tura limamin unguwarmu, duk a banza. Aka sayar da abin da za a sayar, aka raba, ko dala ba ta zo hannunta ba.

Ni kuma na shiga koyon zama ba asusu. Na sami aikin awo a wani kamfanin auduga, suka ce ba sa biyan albashi a hannu. Bankunan da na zaga duk da fara'a suke tarbata, sai sun buga sunana fuskar ta canza. Daga ƙarshe wata ƙaramar ma'ajiya ta 'yan kasuwa ta buɗe mini asusun talaka: ba cek, ba rance, abin da ka zuba shi za ka ɗiba. Albashi na shiga ake yanke kason masu bina, a bar mini na abinci. Mutumin da a da yake sa hannu a cek bai duba ba, sai ga shi yana bin layi da 'yan acaɓa. Ban mutu ba, har abokai na yi a layin.

Juma'ar farko da na fara aikin, ina zaune a zaure sai ga Goggo. Ta kwance bakin zane, ta ajiye kuɗi a gabana kamar ba abin da ya faru, ta ce na Makka ne. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Na ce ba zan karɓa ba sai da sharaɗi. Ranar Litinin na ɗauke ta a bayan babur ɗin aro zuwa ma'ajiyar nan, aka buɗe mata asusu da sunanta, ta dangwala yatsa tana mita, wai an mai da ita baƙuwa a wurin ɗanta. Tun daga nan take zuba na ƙuli-ƙulinta, ni ma duk wata in tsakuro daga na abincinmu in zuba mata. Matata ta san da haka, ita ce ma take rage nama a miya ba tare da na ce ba.

Kuɗin sun sake cika, amma sun ɗauki shekaru, kujerar ma ta ƙara tsada. Kafin nan gwiwoyin Goggo sun tafi, idonta ɗaya ya rufe, ko masai sai an riƙe ta. Likita ya ce ba ta iya tafiyar. Da a waccan shekarar ce, da ƙafarta za ta yi ɗawafi.

Ita ta kawo shawarar in je a madadinta, tunda na sauke nawa tun ina da hali. Malaman da na tambaya bakinsu bai zo ɗaya ba: wani ya ce farillar ta sauka daga kanta tunda ba ta da iko, wani ya ce ya halatta a yi mata. Goggo ta ce na biyun ya fi ilimi. Haka na hau jirgi daga Garwa da kuɗin ƙuli-ƙuli, na ɗaura harami da sunanta.

Yanzu na gama da masu bina, na buɗe ɗan shago, kuma har yau tsofaffi na kawo mini ajiya, don al'ada ba ta san an karye ba. Ba na korar kowa. Sai dai duk wadda ta kwance bakin zane, ina ɗaukarta mu je a buɗe mata nata, ta yi fushinta ta gama. Banki ba mugu ba ne, suna kawai yake karantawa, bai san amana ba. Na biya Goggo kuɗinta har da ƙari, amma shekarun da ƙafarta ke da ƙarfi ban sami inda ake sayensu ba, kuma na daina yi wa kaina ƙaryar cewa mun yi daidai.

Ranar da na dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, ta sa na zauna a bakin gadonta in ba ta labari tun daga hawa jirgi. Tana riƙe da gorar zamzam a cinya har na kai tsayuwar Arfa. Sai ta taɓa hannuna.

"Baba, a wurin nan, na yi kuka?"

Na ce, "Kin yi, Goggo. Sosai."

Ta gyaɗa kai, ta ce dama ta san za ta yi.